Ƙirjin Aro

Dutsin-Ma, Agusta 1957

Zuwa ga bawana Mahmuda ɗan Gwaggo, a Kurfi.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan kana lafiya, kai da Gwaggo da Hassana da jariri. Yaya damina, yaya gero? A ajin yaƙi da jahilci an koya mana mu ƙara da "kamar yadda nake lafiya a nan." Ban ƙara ba, don kar in fara da ƙarya.

Garba mai lori ya kawo mini saƙonka, wai girman kai ne ya hana ni zuwa sunan ɗanka. Mahmuda, girman kai ma sai da numfashi. Ranar na yi wanka, na sa riga, na fito zan tafi tasha. Ban kai masallacin unguwa ba sai da na dafa bango ina haki, har wata tsohuwa ta tsaya tana yi mini sannu. Daga nan na juya gida.

Tarin nan da kake yi mini tsiya da shi ya zama wani abu dabam. Na je ɗakin shan magani. Malamin asibiti ya kara abin sauraronsa a bayana, ya ce in ja numfashi, na ce ai shi nake ja. Ya tambaye ni tun yaushe nake shan taba, na ce tun ban isa azumi ba. Ya ce huhuna ya lalace, kuma abin da ya lalace ba ya dawowa, amma ɗan abin da ya rage ana iya tsare shi idan na ajiye lofen taba. Idan ban ajiye ba, kar in sa rai da damina masu yawa.

Shi baƙo ne a garin, sai da na yi masa bayani cewa ni ba don daɗi nake sha ba, sana'a ce. Na ce Baba Alu ƙanen mahaifina dillalin taba ne. Manoman Kuki da Dabawa su kawo ta ɗauri-ɗauri, fatake su zo saye, ba mai yarda da wani. Sai a tsinko ganye daga tsakiyar ɗauri, in murtsuke, in cika lofe, in ɗora garwashi, in zuƙa in riƙe a ƙirji. Sannan in faɗa: wannan ta fadama ce mai kaifi, wannan an yayyafa mata ruwa don ta yi nauyi, wannan an cusa mata ganyen banza a ciki. Abin da na faɗa a kansa ake ciniki. Ranar kasuwa lofen nan ba ya hucewa daga hantsi har la'asar.

Sai ya ce, to shi mai rumfar me ya hana shi ɗanɗanawa da kansa? Kai dai ka san kawunka Baba Alu. Tun ranar da ya karɓi wuridi ya ce taba ƙazanta ce, ba ta dace da bakin da ke ambaton Allah ba. Ya ajiye lofe, an yi ta yaba masa a masallaci. Ba wanda ya tambayi inda ya ajiye shi. A hannuna ne. Kuma ban taɓa jin ya ce la'adar taba ƙazanta ce ba.

Da na koma na faɗa masa abin da aka ce, ya ja carbi ya ja, ya ce malaman asibitin nan duk yara ne, tari ai na kowa ne da damina. Sannan ya tambaye ni ko na share rumfa.

Akwai abin dariya guda. Da zan fito, malamin ya nuna mini wasu mutane a gindin itacen bedi da ke bakin ƙofa, ya ce in riƙa zama da su, ciwonmu ɗaya. Da ma ka gan su. Tsofaffi ne da waɗanda ciwo ya tsofar, kowa da gwangwanin tofa kaki a gabansa, ƙirji na kuka kamar ana zuga wuta a maƙera. Mutanen gari ma 'Yan Zugazugi suke ce musu. Ko sallama ban yi ba na wuce. Ni da fatake ke jiran bakina tun daga Maraɗi, a ce in zauna cikin waɗannan.

Ka gaida Gwaggo, amma in za ka karanta mata ka tsallake wurin da malamin ya yi zancen damina. Kai kuma an ce ka koma sigari ta kwali, kana maƙala ta a bayan kunne kamar yaron mota. Allah ya shirye ka.

Haza wasalam. Ubangijinka,
Ilu

Dutsin-Ma, Oktoba 1957

Zuwa ga bawana Mahmuda.

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku duka, na ga wasiƙarka da zumar da Gwaggo ta aiko. Allah ya saka mata. Rubutunka kuwa har yanzu kamar kaji sun bi ta kan takarda.

Na ajiye lofe. Da yake ciniki ya ja baya kafin sabuwar taba ta zo, kawunka bai ce komai ba da farko. Ba zan ɓoye maka ba, abin ba daɗi. Bakina ɗaci, hannuna ba ya samun wurin zama, yaro in ya yi mini sallama sai in ji kamar zagina ya yi. Tarin kuma sai ya ƙaru, ina ta fitar da baƙar majina.

Nan fa gidanmu ya cika da masana. Kowa ya ce ai ga shi nan, da ma tabar ce ke riƙe da ciwon, da aka janye ta ya samu hanya. 'Yan dubiya suka yi ta zuwa, kuma ka san abin da kowannensu ya riƙo mini? Ƙullin taba. Wai me za a kai wa Ilu in ba ita ba. Na sa hannu biyu na karɓa, na yi godiya, don ba a mai da kyautar dubiya. Suna zaune suna cewa Allah ya sawwaƙe, ɗakin yana ta ƙamshin abin da ke kashe ni.

Sai kawunka ya ce tun da hayaƙi ne ya kawo ciwon, hayaƙi ne zai fitar da shi. Ya aika Dabawa aka zo da wani mai magani, mutum mai kitse a wuya, wanda da ganinsa bai taɓa yin tari ba sai in tuwo ya shaƙe shi. Ya zuba garwashi a kasko, ya barbaɗa busassun saiwoyi da guntun ƙaho, ya ce in durƙusa a kai, aka lulluɓe ni da gwado. Na ce ba na iya numfashi. Ya ce ciwon ne ke magana, ba ni ba, a danne gefen gwadon. Aka danne. Abin da na sani na ƙarshe muryar kawunka ce yana cewa a ƙara haƙuri, magani ya fara ci.

Na farfaɗo a ɗakin shan magani, an ce a kan jaki aka kai ni. Malamin ya yi mini allura. Da yake ba ni da ƙarfin komawa, aka shimfiɗa mini tabarma a gindin bedi, tsakiyar mutanen da na wuce ban yi wa sallama ba.

Ina kwance ina kokawa da iska, sai wani dogon tsoho ya matso. Ɗanmusa sunansa, ya yi soja a yaƙin Bama, can ya koyo sigari. Bai ce mini sannu ba. Ya ce, "Tashi zaune, ɗan dillali, kwanciya ta masu lafiya ce." Ya sa na sunkuya na dafa gwiwoyina. Ya ce in ja ta hanci, in fitar ta baki a hankali, leɓe a tsuke kamar mai hura koko mai zafi. Na yi ta yi. Mahmuda, ƙirjina ya saki kaɗan. Duk masanan gidanmu ba wanda ya san wannan.

Wata tsohuwa cikinsu, Kyauta, wadda hayaƙin toya ƙosai ya cinye wa ƙirji, ta ce ta gane ni, ni ne mai farar rigar nan da ya wuce yana toshe hanci. Ta ce in kwantar da hankalina, su ma duk da farar riga suka fara wucewa. Suka yi dariya har dariyar ta koma tari, aka jira kowa ya gama.

Na tambayi Ɗanmusa zancen ƙaruwar tarin. Ya ce haka yake yi wa duk wanda ya bari, ƙirji ne ke shara, zai lafa.

Mai maganin ya koma Dabawa da zakara, yana ba da labari wai ya fitar da rabin ciwon, 'yan asibiti suka ɓata masa aiki.

Ka gaida Hassana. Naka,
Ilu

Dutsin-Ma, Disamba 1957

Zuwa ga bawana Mahmuda.

Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyar Gwaggo da ƙafarta. Ka ce an gaya maka na zama ɗan Zugazugi. Gaskiya ne, ka yi dariyarka.

Kullum da hantsi ina can. Ba wani abin kirki ake yi ba. Igiya muke tufkawa, don Ɗanmusa ya ce hannu ma yana ƙawar taba, ba baki kaɗai ba. Wanda abin ya taso masa sai ya faɗa, a miƙa masa asuwaki ko ɓarin goro, a ja shi da hira har ya wuce. Gaisuwarsu ma dabam ce. In ka ba Ɗanmusa hannu sai ya kai yatsunka hancinsa ya sansana. Wani Ummaru kullum ana kama shi, kullum ya ce hannun wani ya taɓa. Ba wanda ya kore shi. Kyauta dai takan ce, to a gaida mai hannun. A watan jiya muka kai Ummaru makwancinsa. Mu 'yan bedi ko makara ba mu iya kamawa ba, a baya muka tsaya, masu lafiya suka ɗauka suna sauri don su koma kasuwa.

Tarin ya lafa kamar yadda aka faɗa mini, ina cin tuwo ina jin ɗanɗanon miya. Amma kar ka ce na warke. Guga ɗaya ba na iya ja daga rijiya. Barci a zaune nake yi, na jingina da turmi. Ƙawar ma tana nan. Shekaranjiya na tsinci kaina ina bin wani ɗan dako a baya don hayaƙin da yake fesowa, kamar akuya tana bin mai dusa. Na faɗa a gindin bedi, ba wanda ya yi mamaki. Ashe kowa ya taɓa bin nasa ɗan dakon.

Masu lafiya su ne ba na iya zama da su yanzu. Wannan ya ce in sha man shanu, wancan ya ce in yi aure, wai zaman tuzuru ne ke tara majina. Suna magana suna kallon bayana, su ga ko akwai wanda ya fi ni amfani da za su gaisa da shi.

Kawunka ya ɗauko wani yaron mahauta ya gwada shi a rumfa. Yaron ya zuƙa ya ce tabar ta yi, ashe jiƙaƙƙiya ce, ta ruɓe wa falke a hanya. Tun daga nan kawunka ya fara yi mini fara'a. Jiya har tsire ya aiko mini. Kuma na ji yana gaya wa mutane Ilu ya warke, da sabuwar taba ta shigo zai koma bakin aikinsa. Ni bai tambaye ni ba. Ka taɓa ganin an tambayi jaki ko ya huta?

Ka san shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, kuma ban taɓa ce masa a'a ba. Ban san yadda ake faɗinta ba ma. Ka sa Gwaggo ta yi mini addu'a.

Naka,
Ilu

Dutsin-Ma, Fabrairu 1958

Zuwa ga Mahmuda.

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Na san labari zai riga wasiƙar nan zuwa Kurfi, kuma na san bakin da zai kawo shi, shi ya sa nake so ka ji daga gare ni.

Sabuwar taba ta shigo. Wani babban falke, Alhaji Abdulƙadir na Maraɗi, ya sauka da raƙumansa, ya ce shi ba zai ɗauki ko ɗauri ɗaya ba sai Ilu ya ɗanɗana. Ranar kasuwa da safe kawunka ya kira ni zaure. Ya fara tun daga ranar da aka kawo ni gidansa ba ni da ko wando, ya bi shekaru ɗaya bayan ɗaya, bai manta ko tuwon sallah ba. Sannan ya ce yau kaɗai, zuƙa ɗaya-ɗaya, ba sai na haɗiye ba. Shi da ya koya mini cewa a ƙirji ake gane taba. Na ce to. Me zan ce?

Na biya ta gindin bedi na faɗa musu. Na zaci Ɗanmusa zai yi mini faɗa. Bai yi ba, ya ci gaba da tufkarsa. Can sai Kyauta ta ce ita fa ta daɗe ba ta ga kasuwa ba. Ɗanmusa ya ce shi ma yana da igiyar sayarwa. Suka miƙe ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ɗauki gwangwaninsa.

Ba ka taɓa ganin tafiya irin wannan ba. Duk inuwar da muka samu sai mun tsaya. Yara suna binmu suna kwaikwayon tarinmu. Kafin mu isa rana ta take, kawunka ya cika ya batse. Ya shimfiɗa wa Alhaji darduma, ga abokansa na wazifa a gefe sun zo cin albarkacin ciniki. Mutanena suka zauna a ƙasa daura da rumfar. Numfashinsu dai kowa na ji.

Aka kwance ɗauri. Na tsinko ganye, na murtsuke, na cika lofe, na ɗora garwashi. Mahmuda, tabar fadamar Kuki ce, irin wadda ba a samu kowace shekara. Ƙamshin ya bugi hancina, yawu ya cika mini baki. Wallahi na so ta. Na ɗaga lofen har ya kusa leɓena. Sai na ji Ɗanmusa a bayana yana hura kokonsa a hankali, don tafiyar ta gama da shi. Saboda ni ya yi ta.

A'a dai ban iya faɗa ba har yanzu. Sai na yi abin da aka koya mini tun ina yaro, kafin wuridi, lokacin da yaro ke cikawa babba ya sha. Na durƙusa a gaban kawunka, na miƙa masa lofen da hannu biyu, kaina a ƙasa. Na ce, "Baba, nawa ƙirjin ya ƙare. Ga shi na cika maka yadda kake so."

Ya ja da baya yana a'uziyya, ya tattare rigarsa kamar na miƙo masa mushe. Abokan wazifa suka sunkuyar da kai. Alhaji Abdulƙadir ya dube shi, ya dubi mutanen da ke zaune a ƙasa, ya ce, "Malam Alu, abin da kake sayar mini ne kake nema wa tsari haka?" Kawunka ya kau da kai, carbi na lilo a hannunsa. Ni kuwa ina durƙushe, ban sauke hannu ba, don ba a sauke hannu sai babba ya karɓa. Lofen ya ci ya cinye, ya mutu a hannuna. Sannan na ajiye shi a kan tabarma. Alhaji ya sa takalmansa ya nufi wata rumfa.

Kafin la'asar an fito mini da tabarmata da akwatina ƙofar gida. Wai na tozarta shi a gaban mutane, na kawo masa mabarata rumfa. Yanzu ina zauren Ɗanmusa, igiya nake ci da ita. Ba ta kawo tsire, amma tana kawo koko.

Kar ka zaci daɗi nake ji. Mutumin nan shi ya yi mini kaciya, shi ya saya mini allo. Ka gaya wa Gwaggo ban ɗaga masa murya ba, ban kuma dube shi cikin ido ba.

Naka,
Ilu

Dutsin-Ma, Maris 1958

Zuwa ga ɗan'uwana Mahmuda.

Ina gaishe ka, ina gaida Gwaggo da Hassana da ɗanka Rabo, wanda har yau ban gani ba.

Wasiƙarka ta zo, na karanta ta sau da yawa. Da ma Garba ya gaya mini kawunka ya je Kurfi da kansa, da ƙwaryar goro da turmin atamfa na Gwaggo. Mutumin da bai taka Kurfi ba ko da mahaifinka ya rasu, wai ciwon baya. Ashe bayan ya warke.

Ka ce ya yi maka alkawarin keke da ɗaki a gidansa, ya ce hancinka ya fi nawa, kuma ni da ma can raggon ƙirji gare ni tun haihuwa. Ka tuna wanda ke kayar da kai a kokawa a dandalin Kurfi, ka ga ko raggon ƙirji ne. Ka ce kuma tun da kana shan sigari a banza, gara ka sha a biya ka. Wannan lissafin nasa ne, na gane muryarsa a ciki. A ƙarshe ka ce ko kishi nake yi za ka gaje wurina a rumfa. Wannan ban ji haushinta ba, da ni ne kai haka zan ce.

Ba zan hana ka ba. Kana da iyali, gero bai yi ba bana, keke kuma abu ne mai kyau. Ɗakin da zai ba ka na san shi, yana da taga, akwai turmi a ƙofa.

Abu ɗaya nake roƙo, kuma ban taɓa roƙonka komai ba sai tsiya. In ka sauka daga lorin Garba, kar ka wuce gidan kawunka tukuna. Biyo ta gindin bedi ka ɗauke ni, mu tafi rumfar tare da ƙafa. Ka san wurin, ba nisa. Sharaɗin kawai, da tafiyata za mu yi. Inda na tsaya ka tsaya, ba za ka riga ni da taki ɗaya ba, ba kuma za ka kama ni ba. Ni da kai shekararmu ɗaya, Gwaggo ta goya mu a zane ɗaya. Idan muka isa kana son aikin, ni da kaina zan cika maka lofen farko, in nuna maka yadda ake riƙe shi a ƙirji.

Ka fito da wuri, don tafiyar za ta ci mana hantsi.

Wasalam. Ɗan'uwanka,
Ilu